Inda Baba Ke Jan Numfashi

Ranar da Nodoka ta fara ganin Fumiya, ƙafafunsa kawai ta gani. Ya shige ƙarƙashin teburinta a ofishin garin Kirihama yana neman inda zai jona kwamfutarsa. An ba shi silifas ɗin baƙi, koraye, dugadugansa duk a waje.

Ta tsaya da kofin shayi a hannu. Ta yi gyaran murya, amma ita kanta ba ta ji ba.

Da ya fito sai kansa ya bugi gefen teburin. Ya miƙe yana murza wurin, ya rusuna, ta rusuna, ya ƙara rusunawa, har shayin ya kusa zubewa.

"Ki gafarce ni. Kanno Fumiya, daga Sendai. Ni aka ɗauko don kiɗan ƙarfe biyar."

"Onodera Nodoka," ta ce, idonta a kan teburin. "Amma rabin garin nan Onodera ne. Ka kira ni Nodoka, in ba haka ba duk ofishin nan zai waigo."

Ya yi dariya. Ita kuwa mamakin kanta ta yi, don duk zamanta a jami'a ba ta taɓa jera wa namiji magana mai tsawon haka ba.

Kullum ƙarfe biyar na yamma lasifikokin gari sukan saki ɗan kiɗa, yara su nufi gida, masu gyaran taru su fara tattara kaya. A bana majalisar gari ta ce a cire kiɗan aro, a sa taken bikin teku, wanda ake busawa da sarewa tun kaka da kakanni. Sai dai na'urar tsohuwa ce, ba ta karɓar sautin da aka naɗa. Dole a rubuta mata kiɗan da haruffa da lambobi, a yaren da masu haɗa kiɗan wasannin kwamfuta ke kira MML. Aikin Fumiya ke nan. Nodoka kuma aka ce ta kula da baƙon.

Bai jira ta tambaya ba ya juyo mata da fuskar kwamfutar.

"Kin ga, kowane harafi sauti ne. Wannan r ɗin kuma shiru ne, wurin hutawa. Mu masu wannan aikin malalata ne, Nodoka-san. In yanki ɗaya zai dawo, ba ma sake rubuta shi. Sai mu kulle shi cikin baka biyu, mu sa lamba a bayansa. Duk abin da ke ciki haka zai yi ta dawowa, ba ragi ba ƙari."

Ya buga [ceg]3, kwamfutar ta yi wani ɗan siririn kiɗa sau uku. Ya kalle ta kamar wanda ya kama kifinsa na farko.

"Yanzu takardar taken kawai nake buƙata."

"Babu takarda," ta ce. "Ba a taɓa rubuta shi ba. A bakin mutum ɗaya yake."

"Wa?"

Kunnuwanta suka ɗau zafi. "Babana."

Sakichi, mahaifin Nodoka, shi ne shugaban masu sarewa na Kirihama tun kafin a haife ta. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana kankare jikin jiragen ruwa yana musu fenti, abin kuma ya taɓa masa huhu. Amma wannan magana ce da ba a yin ta a gidansu. Ko maganinsa, a cikin gwangwanin shayi matarsa Hatsue ke ajiye masa, don kada baƙo ya gani.

Fumiya ya zo gidan Sakichi da kwalin alewa daga Sendai. Bai ma kai ga cire takalmi ba.

"Take ba a rubuta shi," in ji Sakichi daga bakin ƙofa. "Daga baki yake zuwa kunne. Mai so ya zo ya durƙusa ya koya."

A gefen famfo Takuma na wanke kifin da ya kawo. Shi ne babban ɗalibin Sakichi, masunci mai faɗin ƙirji, kuma gari ya daɗe da yanke cewa sarewar tsohon da 'yarsa hannu ɗaya za su faɗa. Ba wanda ya tambayi Nodoka.

"Sensei, a bar shi ya gwada mana," Takuma ya ce wa malamin nasa. "Kai ɗan birni, injin naka ta ina yake shaƙar iska? Ko kai ke hura masa ta baya?"

Fumiya ya yi murmushi, ya rusuna, ya juya da kwalinsa.

A hanya Nodoka ta ce, "Ka yi haƙuri."

"Da gaskiyarsa. Ni ma da nawa ne, ba zan miƙa wa baƙo daga zuwansa ba."

Dalilin abin da ta yi bayan haka, ita kanta ba ta gama sani ba. Wataƙila ba ta so ya koma Sendai da wuri ne. Wataƙila kuma so ta yi ko bayan babanta ya ajiye sarewa, garin ya ci gaba da jin sa kowace yamma.

Da sassafe Sakichi kan shiga rumfar taru da ke bayan gida ya yi busa shi kaɗai. Ta laɓe a jikin katako da wayarta. Ya busa zagaye ɗaya na taken, sai tari ya sarƙe shi, irin tarin da ke sa mutum dafa bango. Ta tsaya tana ji, ba ta shiga ba, don ta san ba zai so a gan shi haka ba.

A ɗakinta ta yanke tarin, ta tura wa Fumiya sauran.

"Zagaye ɗaya na samu. A biki sau takwas ake yin sa. Don Allah kada ka faɗa wa kowa daga inda ya fito."

Amsa ta shigo kafin ta ajiye wayar.

"Ɗaya ya isa, baka biyu za su yi sauran. Bakina a rufe yake. Na gode, Nodoka-san. Ina ta saurara har na manta da buta a kan wuta."

Daga nan suka riƙa cin abincin rana tare a kan katangar teku. Ta lura kullum burodin kanti yake ci, sai ta fara ƙara curin shinkafa a cikin kwanonta, wai Mama ce ta yi da yawa. Shi kuma ya gane ita ke cura su, amma ya bari sai da aka kwana biyu.

"Ki gaya wa Mama hannunta na karkata hagu. Ranar da na je gidanku na ga nata a kan tire, a miƙe suke."

Ta rufe fuska da murfin kwanon.

"Nodo-chan," ya ce, karo na farko da ya kira ta da sunan lele maimakon na girmamawa, a hankali kamar mai taka ƙanƙara. "Buɗe mana. Ni karkataccen na fi so."

Ko suna ofis ɗaya, teburi na kallon teburi, ta waya suke hira.

"'Yar shiru-shiru, yau kalma nawa kika ware mini?"

"Huɗu. Ga su nan."

"To a ba ni na gobe tun yau."

"Fumi-kun, ka yi aikinka. Shugaba na kallon mu."

"Ina yi. Sai dai duk abin da na sa cikin baka biyu yau, sunanki ne ke fitowa."

Ta kifa wayar, ta yi ta jera takardun da ta riga ta jera.

Ana saura 'yan kwanaki a ƙaddamar da kiɗan, ya sa mata iyafis ɗaya a kunne, shi ya sa ɗayan. Taken ya tashi, siriri, tsaf. Ya hau, ya hau, daidai inda zai kai ƙololuwa sai ya yanke. Shiru. Sannan ya sauko. Ya zagayo, ya sake yankewa a wurin.

Gabanta ya faɗi. Ta tuna tana ƙarama, goye a bayan Mama ranar biki, a wurin nan akwai wasu sautuka masu sauri, can sama, kamar kukan tsuntsun teku. Babanta ya daina kai musu tun shekarar da aka kwantar da shi a asibiti. A nan yake satar numfashi. A biki ba a ganewa, don daidai wurin ne manyan ganguna ke rugugi. Yanzu kuwa babu ganga.

"Kin ji wurin nan?" Fumiya ya ɗora yatsa a kan r ɗin, idonsa na ƙyalli. "Wannan shirun ya fi komai kyau a taken. Babanki gwani ne. Na auna tsawonsa daidai yadda ya yi shi."

Ta buɗe baki. In ta faɗa, ta tona abin da gidansu ya rufe shekara da shekaru. In ta faɗa, hasken nan na fuskarsa zai mutu. Ta ce a ranta ƙila ba wanda zai lura.

"Ya yi kyau," ta ce.

"In an gama zan koma wajen babanki," ya ce yana kallon teku. "Wannan karon ba don take ba. Kin yarda?"

Ta gyaɗa kai, idonta ya ciko. Shi ya ɗauka duk na murna ne.

Ranar ƙaddamarwa aka jera kujeru a filin gaban ofis. Sakichi bai san abin da za a sa ba, an dai ce masa za a karrama masu sarewa. Ya zo cikin baƙar rigarsa mai tambarin gida, aka zaunar da shi a sahun gaba.

Ƙarfe biyar ta yi. Taken ya fito daga kowane turken lasifika, tun daga tashar jiragen ruwa har kan tudu. Mutane suka fara murmushi. Sai ya kai wurin, ya yanke.

A zagaye na biyu tsofaffi suka fara kallon juna. A na uku, Iya Tome mai busasshen kifi, wadda kunnenta ya yi nauyi har ba ta san ƙarfin muryarta ba, ta karkata wajen maƙwabciyarta.

"Af! Ai wannan numfashin Sakichi ne. Ji inda yake ƙare masa. Wayyo, ashe har inji ya sani."

Wani ya yi dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Da sauran zagaye, kuma ba mai iya tsayar da na'urar sai ta cika lambar da aka ba ta. Duk lokacin da shirun ya zo sai filin ya yi tsit tare da shi, kowa na kallon takalminsa. Sakichi bai motsa ba. Ƙeyarsa ce kawai ta yi ja, jan yana gangarawa cikin wuyan riga. Nodoka na can baya riƙe da tiren kofuna, ji take da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Da aka gama ya miƙe, ya rusuna wa shugaban gari, ya tafi gida a ƙafa. Washegari aka mayar da tsohon kiɗan.

A bakin direban ofis Fumiya ya ji ma'anar abin da ya faru. Ya zo gidan fuskarsa ba jini, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ɗora goshi a kan dutsen da ake cire takalmi.

"Wa ya ba ka busata?" Sakichi ya tambaya.

Nodoka na bayan ƙofar takarda, tana jin su.

"Ni na laɓe na naɗa. Ni kaɗai."

"Ɓarawo ke nan, kuma mai ba'a. An ce mini kana zama da 'yata a katangar teku. Daga yau ka daina. Ka koma garinku."

Ta ɗora hannu a kan ƙofar. Ba ta buɗe ba.

Da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Nodo-chan, na hau jirgin ƙasa. Tambaya ɗaya gare ni. Ranar da muka saurara tare, kin san mene ne shirun nan?"

Ta rubuta, ta goge, ta rubuta, ta goge. Daga ƙarshe ta tura:

"Na sani."

Sai da dare amsarsa ta shigo.

"To. Ki kula da Baba."

Daga nan wayarta ba ta sake motsi da sunansa ba.

Sakichi ya daina fita. Ba gidan wankan jama'a, ba majalisar tsofaffi a bakin tashar jiragen ruwa, ba busar safe. Ƙarfe biyar na yi Hatsue za ta tashi ta ja taga. A ofis kowa ya ƙara wa Nodoka kirki, ana ajiye mata lemo a kan tebur, ana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai zaman makoki. Wannan ya fi zagi ciwo. Ta koma cin abincinta a ɗakin ajiyar takardu, bayanta ga ƙofa.

Wata rana suna cin abinci, Sakichi ya ce ran Lahadi zai miƙa wa Takuma sarewarsa.

"Yaron kirki ne," ya ce, bai kalli 'yarsa ba. "Shi dai da kunne ya koya, a gabana. Ki riƙa sakin fuska in ya zo."

Ta ajiye tsinken cin abincinta. Da kunne, a gabansa. Ta tuna lokacin da Takuma ya fara zuwa koyo. Bayan asibiti ne. Duk waɗanda ke busa a yanzu, bayan asibiti suka zo.

Ta kwana biyu tana juya abin a ranta. In ta yi shiru, Baba zai ajiye sarewa yana ganin baƙo ne ya yi masa ba'a, Fumiya kuma ya tafi da laifin da ba nasa ba. In ta yi magana, za ta ƙara wa tsohon wata kunyar a kan ta da.

Ran Lahadi suka zauna a kan tabarma. Sakichi ya fara warware ƙyallen da sarewar ke ciki.

"Baba." Muryarta ta fito siririya. "Kafin ka ba shi, ina so Takuma-san ya busa mana taken. Shi kaɗai, ba ganga."

Hatsue ta zaro ido. "Nodoka, je ki duba miya."

"Na sauke ta, Mama."

Takuma ya gyara zama. "Sai me? Bari ku ji yadda mutum ke yi, ba gwangwani ba."

Ya zaro tasa sarewar ya kai baki. Busarsa da ƙarfi take, har ƙofar takarda na rawa. Ya hau, ya hau, sai ya tsaya cak, ƙirjinsa cike da iska, idonsa a lumshe don jin daɗi. Sannan ya sauko.

Ba wanda ya tafa.

"Me ya tsayar da kai?" Sakichi ya tambaya.

"A ina, Sensei?"

"A saman. Numfashi ne ya ƙare maka?"

"Ni? Haba Sensei, ni da nake nutso ba tulun iska? Ai haka taken yake. Haka ka koya mana, mu duka. Ni a ganina ma nan ne daɗinsa. Ranar nan da mutane ke ta kallon ƙasa, na zaci muryar injin ce ta ba su kunya."

Sakichi ya saki ƙyallen. Ya juya ga matarsa.

"Hatsue. Tun yaushe?"

"Tun da ka fito asibiti."

"Kina ji?"

"Ina ji."

"Ba ki faɗa ba."

"Kai ka faɗa?" ta ce a hankali.

Nodoka ta matso gabansa, ta dafa tabarma da hannu biyu, ta sunkuyar da kai har ƙasa.

"Baba, ni na naɗi busarka, ba Fumiya-san ba. Ni na yanke tarinka don kada ya ji. Ya sa mini kiɗan tun kafin ranar, na ji wurin, na san ko mene ne, na ce masa ya yi kyau. Bai san komai ba. Abin da aka ba shi ya maimaita, kamar yadda Takuma-san ya yi yanzu. Kunya ce ta hana ni magana, shirun nawa kuma shi ya kai ka gaban mutane. Ka yafe mini." Ta ɗago kai. "Kuma ina son sa, Baba. Wannan ma na daɗe ban faɗa ba."

Takuma ya kalli rufi, ya kalli sarewarsa, ya ce bari ya je ya duba ko ya kashe motarsa.

Sakichi ya naɗe tasa sarewar a ƙyallenta, ya shige ɗaki, ya ja ƙofa.

Sai da aka ɗan kwana biyu ya yi magana. Da safe ne, yana kallon tururin miyarsa.

"Sautukan nan na sama, ba wanda ya rage da ya san su sai ni. Ni kuma ba zan iya hura su ba. Huhuna ya ƙare."

Hatsue ta tsaya da ludayi a hannu. Ba a taɓa faɗin kalmar a kan teburin nan ba.

"Injin yaron nan," ya ce, "yana yin duk sautin da aka ce masa?"

"Yana yi, Baba."

"Kira shi."

Ta ɗauki wayarta ta rubuta:

"Fumi-kun, na faɗa wa Baba komai, a gaban Mama da Takuma-san. Na makara, na sani. Baba na son ganinka da kwamfutarka. Ni ma ina son ganinka, ko ba kwamfuta."

Tana wanke kwanuka amsar ta zo. Ta karanta da jiƙaƙƙen hannu.

"Na ji haushinki, Nodo-chan, ba zan ɓoye miki ba. Amma kunyar kaina ta fi yawa. Na ji mutum na neman iska, na ce gwaninta ce. Gobe in kin ga abu, ki faɗa mini ko zai yi zafi. Ina hanyar tasha."

A rumfar taru suka zauna. Sakichi ya kai sarewa baki bai hura ba, yatsunsa kawai ke tafiya a kan ramukan. Fumiya ya durƙusa kusa da shi yana kallon yatsun. Ya goge r ɗin, ya sa haruffa a wurinsa, ya danna.

"A'a. Na tsakiyan ya yi ƙasa."

Ya gyara.

"Ka cika sauri. Korar ka ake yi?"

Ya gyara.

"Zamewa yake, ba tsalle ba. Kai, ba ka taɓa ganin tsuntsu ya sauka a kan ruwa ba?"

"Na gani a bidiyo, Onodera-san."

"A bidiyo," in ji tsohon, ya girgiza kai.

Nodoka ta kawo shayi, ya huce, ta sake kawo wani. Rana ta karkata kafin kwamfutar ta yi wani abu da ya sa ta tsaya cak a bakin rumfar. Sautukan da ta ji a bayan Mama ne, suka haura, suka juya, suka zame ƙasa.

Sakichi ya rufe ido.

"Sake."

Fumiya ya kulle yankin cikin baka biyu, ya sa sifili a bayansa. "In na sa sifili ba zai tsaya ba, sai an tsayar da shi."

Suka yi ta ji, yana zagayowa, yana zagayowa.

"Ba ya gajiya?"

"Ba ya gajiya."

"Ya ji daɗinsa." Tsohon ya share ido da bayan hannu, ya ɗaga murya iya yadda za ta ɗagu. "Takuma! Shigo, tun ɗazu nake ganin takalminka ta ƙasan katako. Zauna ka bi abin nan har ka iya."

Takuma ya shigo yana sosa ƙeya. "Sensei, ni zan koya wajen gwangwani?"

"Wajena za ka koya. Shi huhu ya ara mini."

Takuma ya zauna, ya ɗan gyaɗa wa Fumiya kai, bai yarda sun haɗa ido ba. Ya fara bi, yana kuskurewa, yana sakewa.

Sakichi ya juyo ga Fumiya.

"Ka yi mini ƙarya a ƙofar gidana."

"Na yi."

"Don ka rufa wa 'yata asiri."

Fumiya ya sunkuyar da kai.

"Kada ka ƙara. Gidan nan ya ƙoshi da masu rufa asiri. Ni kuma na kira ka ɓarawo. Na janye." Ya ɗan huta. "An ce akwai wata magana da kake son kawowa."

Fumiya ya gyara durƙuso, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Gumi ya tsattsafo masa.

"Ina roƙon ka ba ni auren Nodo-ch... Nodoka-san."

"Nodo me?"

Sarewar Takuma ta yi wani irin ƙara kamar an taka kyanwa. Nodoka ta ɓoye fuska a bayan tire.

"Ka zo da iyayenka," in ji Sakichi. "Kuma ka kawo alewar nan. Sau ɗaya na ga kwalin, yana ta raina."

A bikin teku na wannan shekara, Takuma ne ya ja masu sarewa, kuma da aka zo saman, Sakichi da kansa ya ɗaga wa masu ganga hannu su sassauta. Bayan biki aka sa taken a lasifikokin gari, cikakke.

Aka ɗaura auren da bazara, a wurin bauta da ke kan tudun da ke kallon tasha. Matakalar dutse ce doguwa. An ce a kai Sakichi ta hanyar mota, ya ƙi. Ya fito da siririn bututun iska a hancinsa, a bainar jama'a, ya dafa kafaɗar ango.

A tsakiyar hawa ya tsaya.

"Ku dakata," ya ce, yadda kowa zai ji. "Numfashi ya ƙare mini."

Ayarin duka ya tsaya. Daga baya wani tsohon masunci ya ce, "Namu ya daɗe da ƙarewa, jira muke wani ya fara faɗa." Aka kwashe da dariya, har da Sakichi, har sai da ya yi tari, ba wanda ya kau da kai.

A sama, bayan an kurɓi kofunan aure, ango ya buɗe takardar alkawari ya karanta. Amarya, kamar yadda aka saba, sunanta kawai za ta faɗa a ƙarshe. Yawancin amare ko na kusa da su ba ya ji.

Nodoka ta ɗago kai a ƙarƙashin farin lulluɓinta, ta cika ƙirji.

"Matarsa, Nodoka."

Sai da Hatsue ta zabura. Na can bakin matakala ma sun ji.

"An ji ki, 'yata," Sakichi ya ce. Ya kamo hannunta ya ɗora a kan na Fumiya, ya riƙe su duka biyun cikin tafukansa masu kaushi. "Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Ku zauna lafiya, ku tsufa tare. In faɗa ya kama ku yi, amma ku yi shi da baki."

Fumiya ya matse yatsunta, ita ma ta matse nasa, a gaban kowa.

Mu da muka hau tudun nan a ranar, fatanmu gidansu ya cika da lafiya da 'ya'ya da surutu, albarkar iyaye ta bi su duk inda suka sa ƙafa.